Bargon Baba a Jikin Inji

A shekarun da arzikin mai ya fara shigowa, wani Alhaji ya kawo injin niƙa Gwaram, ya ɗauke ni in riƙa tayar masa. Da zafi injin ba ya gardama. Amma da sanyi ya shigo, sai in yi ta juya hannun injin har kafaɗata ta sage, ya yi tari biyu ya yi shiru. Kasuwa biyu a jere mata suna kwashe hatsinsu suna komawa turmi. Alhaji ya ce idan aka yi ta uku, in koma gona.

A makon yayana ya zo hutu daga kudu, inda yake leburanci wajen masu haƙar mai a teku. Na kai masa kuka. Ya kwance siririn bututun man, ya busa, iska ta ƙi wucewa.

"Ai ciwonmu ne ya kama ka," in ji shi. "Ƙasan teku sanyi ne. Ɗanyen mai yana daskarewa a bututu kamar man shanu a ƙwarya, wani lokaci ruwa da gas su dunƙule kamar ƙanƙara. Shi ya sa ake naɗe bututun kada ya huce. Ba a jira ya toshe."

"Da me ake naɗewa?"

"Da wani irin bargo."

Ya wanke mini bututun da ruwan zafi, injin ya tashi, shi kuma ya tafi.

Bargo ɗaya ne a gidanmu, na Baba, na ulu. Jajibirin kasuwa da la'asar na same shi a kan igiyar shanya. Ina kashe injin, tun da ɗuminsa, na lulluɓe tanki da bututu, na ɗaure tamau.

Da safe mata sun yi layi, Alhaji na tsaye. Juyi ɗaya injin ya ɗauka. Ban gama murna ba sai ga Baba, ya ninka riga uku, yana atishawa.

"Kai! Ni na haife ka ko ƙarfen nan?"

"Baba, aro na yi masa."

"Aro? Shi ya kwana a lulluɓe, ni na kwana a buhu!"

Alhaji ya yi dariya har ya dafa bango. Bargon dai ya riga ya sha baƙin mai, Baba ya shinshina ya ce ya bar wa injin. Washegari Alhaji ya aiko masa da sabo daga Birnin Kudu, ni kuma ba a sake yi mini zancen gona ba.

Shekara tara na yi a wurin. Duk sanyi, mata kan ajiye ƙwarya su dubi injin a lulluɓe su ce, "Malam, yaya mai jiki?"