Rabin Faifan Kawu

Shagon yayana yana bakin titin Kano zuwa Maiduguri, daidai inda motocin shanu ke rage gudu kafin su shiga Potiskum. A ƙarshe-ƙarshen shekarun casa'in ne, ina jin daminar da na dawo daga bautar ƙasa, ya ɗora ni a kan kwamfuta ɗaya tilo da ke shagon, ina buga wa mutane takardun neman aiki da katin gayyata. Lissafi na karanta a jami'a, ba kwamfuta ba. A gidanmu ba a bambance su ba, ni kuma na ji nauyin in bambance musu.

Akwai wani mai amfani da kwamfutar bayan ni, wato Kawu, wan mahaifiyarmu, malamin Larabci da ya yi ritaya. Yana da nasa mabuɗin. Da sassafe yakan taho a keke daga unguwar Dogo Nini, ya yi rubutunsa, ya tafi kafin in iso. Littafi yake rubutawa da Larabci a kan rijiyoyin da mahaifinsa ya shayar da shanu a bakinsu, tun daga gabas mai nisa har kasuwar garinmu: wadda ruwanta ke da zartsi, wadda ake jin amon guga kafin ya taɓa ruwa, wadda kurciyoyi ke kwana a cikinta. Shekara biyu yana bugawa da yatsa ɗaya. Yawancin rijiyoyin sun cike da rairayi, kuma in ba shi ba, ban san wanda ya rage da sunayensu a ka ba.

Sai Yaya ya sayo firinta mai launi, wadda ba ta aiki sai da sabuwar babbar manhaja, irin wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya. Sabuwar da muka samu ba ta san Larabci ba. Tsohuwar ce ke rubutu daga dama zuwa hagu, kuma littafin Kawu a cikinta yake. Na taɓa karantawa cewa ana iya raba babban faifan kwamfuta gida biyu, kamar a ja katanga a tsakiyar gida a bar zaure ɗaya, kowace manhaja ta zauna a sashenta. Na faɗa wa Yaya, ya ce in yi. Na faɗa wa Kawu, amma irin tawa faɗar.

"Kawu, ina ganin ba abin da zai samu littafin. Sai dai ba zan ce tabbas ba. Wani lokaci akan rasa komai. Ba kasafai ba ne, amma akan rasa."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam na boko, za a rasa ko ba za a rasa ba?"

"Ina fata ba za a rasa ba."

"To, Allah ya sa a dace."

Ranar da na yi aikin ana yayyafi tun azahar. Na kwafe littafin a ƙananan faifai sau uku, na tayar da janareto don ban yarda da wutar gari ba. Wani siririn layi ya kama tafiya a kan allo, a hankali, yana tattara duk abin da ke cikin faifan zuwa gefe ɗaya. Ina zaune ina kallo, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shigowa ta taga, sai na riƙa ganin kamar rijiyoyin ne ake ɗauka ɗaya bayan ɗaya, da ruwansu da kurciyoyinsu, ana jera su kusa da juna a wani fili da ba kowa. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Da na dawo hayyacina layin ya kai ƙarshe.

Komai ya tafi daidai. Yanzu in aka kunna, baƙin allo ne ke fitowa da layi biyu, sabuwa a sama, tsohuwa a ƙasa, da lamba a gefe tana sauka daga goma. In ba a zaɓa ba kafin ta ƙare, sai kwamfutar ta shiga sabuwar da kanta, wadda ke buɗewa da hoton gajimare. Kawu ya tafi ƙauyen Danchuwa duba gona, don haka na rubuta masa bayani shafi biyu na ajiye a kan tebur.

Bayan ya dawo na ga alamar ya zo kwana uku a jere, don yakan bar kujera a karkace. Daga nan kujera ta daina karkacewa. Na duba littafin, ba a ƙara ko harafi ba. Na ce ko ba shi da lafiya. Na ce ko ya ji haushin an taɓa masa wuri. Kullum in shirya zuwa, kullum in sami dalilin bari sai gobe, har mako biyu.

Na same shi a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, da tawada da alƙalami da tarin takardu, ya danne su da dutse. Muka gaisa. Na leƙa takardar sama, na ga sunan rijiyar farko.

"Kawu, me ya sa kake sake rubutawa?"

Bai ɗago ba. "Hannu ma yana son aiki."

"Amma littafin yana nan."

Sai ya ajiye alƙalami. "Ɗan nan, ba sai ka lallashe ni ba. Na kunna sau uku, Turanci kawai nake gani da gajimare. Na kuma karanta takardarka. Ka ba da haƙuri tun daga layin farko. Na ce yaron nan ya isa da damuwa, kada in ƙara masa."

Gaskiya ne. Shafin farko duk ban-haƙuri ne da abin da za a yi idan an sami matsala. Yadda ake zaɓa yana can ƙasan shafi na biyu, shi kuma bai juya ba, don ya ɗauka ta'aziyya ce.

Washegari na riga shi zuwa shago. Na roƙe shi ya yi yadda ya saba, ni kuma na tsaya a bayansa. Ya jingina keke, ya zauna, ya danna maɓalli da bisimilla. Sai ya rufe ido, ya buɗe tafukansa, ya shiga addu'ar da yakan yi wa mahaifinsa da waɗanda suka haƙa rijiyoyin kafin ya fara rubutu. Baƙin allon ya fito a gaban rufaffun idanunsa. Lambar ta sauka, goma, tara, takwas, ina kallonta, na kasa katse shi. Kafin ya shafa, ta daɗe da wucewa.

"Ka gani ko?" ya ce, yana nuna gajimaren.

Na nuna masa abin da ke faruwa in ya rufe ido. Ya yi 'yar dariya. "Wato ita ba ta jiran a shafa."

"Ana iya ƙara mata lokaci, Kawu. Minti ɗaya, ko biyu. Ban dai san tsawon addu'ar ba."

"Ni ma ban sani ba. Wata rana matattun suna da yawa."

Sai na cire ƙidayar gaba ɗaya, ta yadda allon zai tsaya har sai an zaɓa. Na san Yaya zai yi mita, kuma ya yi. Kawu ya sake kunnawa, ya sake addu'arsa daga farko, bai rage komai ba. Da ya buɗe ido layukan biyu na nan. Ya sauko zuwa na ƙasa, ya danna. Rubutun ya fito daga dama, shafi bayan shafi, ya riƙa bi da yatsa a kan gilashin yana motsa leɓe. A waje wata motar shanu ta wuce, taga ta yi rawa.

Can ya zaro takardunsa daga aljihu, ya lalubo wata. "Tsakanin ta sha ɗaya da ta sha biyu akwai wata da na tsallake. Sai da na kama alƙalami ta dawo mini. Matsa, kana tare mini haske."