Hotunan da Mai Hoto Ya Goge

Shekara talatin da ɗaya tana auren mai hoto, amma ko hotonsa ɗaya ba ta da shi. Abin dariya, abin haushi. Mutumin da ya ɗauki unguwa kaf, amare da jarirai da masu neman aiki, in aka juya masa kyamara sai ya kare fuska da hannu ya ce, "Ni wurina baya ne." Na katin shaidarsa kuwa ruwa ya cinye, sai kunne ɗaya ya rage.

Ita tela ce. Kekenta yana ɗakin bayan shagonsa, labule ne kawai a tsakaninsu, tana ɗinki tana jin sa yana ce wa mutane su ɗaga haɓa. Wata bakwai da rasuwarsa ta lura fuskarsa ta fara kuɓuce mata. Muryar tana nan, har tarinsa tana ji, amma in ta rufe ido ba ta ganin komai sai gilashi da furfura. Wannan ya tsorata ta fiye da ranar da aka fita da shi.

Duk aikinsa yana cikin wani baƙin akwati a ƙarƙashin tebur, mai faifan ajiya huɗu, inda kwamfutocin shagon ke tura hotuna. Ranar da lantarki ya dawo da ƙarfi, akwatin ya kunna jar fitila ya yi gum. Babban ɗanta, sarkin iyawa, ya zare faifan duka, ya hure musu ƙura, ya mayar yadda ya ga dama. Sai ta naɗe akwatin a zane ta kai wa wata mai gyara a saman bene.

"Mama, wa ya taɓa shi?" in ji mai gyaran.

"Ɗana ne."

"Ai kullum ɗa ne!"

Mai gyaran ta yi mata bayani: kowane hoto a yanke yake, an rarraba shi cikin faifan huɗu, sai an gano jerinsu zai haɗu. Ga shi ɗaya yana ƙara ƙas-ƙas, ya kusa mutuwa. Za ta fara kwafe su tukuna, kuma ba ta yi alkawari ba.

"Me ake nema a ciki, Mama?"

"Fuska ɗaya ce, 'yar nan. Ko a gefen taro ne, ko a madubi."

Kwana tara tana hawa benen nan, gwiwa na ciwo, tana zama a benci da ɗinkin hannu. Hotuna suka fara fitowa ba suna, sai lambobi, wasu rabi toka-toka. Ta ga amaren da yanzu suke da jikoki, ta ga rigunan da ta ɗinka da hannunta. Shi dai babu.

A rana ta tara mai gyaran ta ce, "Saura tarkacen da aka goge. Su ma sukan taso."

Ashe kowace safiya, kafin mutane su zo, yakan zauna a kujerar ɗaukar hoto ya gwada fitila a kan kansa, ya duba, ya goge. Ga shi nan, ɗaruruwa. Babu murmushi ko ɗaya. Ya yamutsa fuska, ya kanne ido, wani da kofi a hannu, wani bakinsa a buɗe ya waiwaya wajen labule, yana magana da ita.

"Wanne za a wanke miki, Mama?"

Ta ja bencin kusa, ta goge gilashinta da bakin mayafi.

"Mayar min na baya," ta ce. "A hankali, 'yar nan. Kar ki yi sauri."