Tafin Hannu a Kan Shafi

A ɗakin karatun asibiti, wani tsohon likita yana kallon wata mata da bai sani ba. Gajeriya ce, ta ɗaure tabaraunta da zare. Kusa da ita wani ma'aikaci yana ɗaukar hoton littafin cututtukan fata, shafi bayan shafi, don horar da ƙirƙirarriyar basira. Sai matar ta ɗora tafinta a kan shafin, ta rufe hoton kafaɗar wani majiyyaci.

"Malam, ka tambayi marubucin? Mutanen nan likitansu suka buɗe wa jikinsu, ba na'ura ba."

Wataƙila ita ma ta taɓa tuɓe riga gaban likita, kunya kamar ta nutse. Tsohon yana sa mata albarka a ransa. Shi ya rubuta littafin, ya kuma san sunan mai kafaɗar da ta rufe.