Wuri Ɗaya a Motar Kirsimeti

Ni mutuniyar Damagaram ce, a Nijar. Karatu ne ya kawo ni Samaru ta Zariya, da na gama kuma aiki ya riƙe ni a wani ɗakin gwajin iri, inda muke wuni muna duba ƙwayar dawa da gero. Ɗaki ya gagare ni a Samaru, ɗalibai sun cika ko'ina, sai wata abokiyar aiki ta kai ni Sabon Gari, Unguwar Gabas, gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Mama. Kirista ce, 'yar kudancin Kaduna, tsohuwar malamar firamare, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta ƙare min kallo daga hijabi har takalmi, sannan ta tambaye ni ko ina da surutu. Na ce ina da shi. Ta ce to madalla, dama gidan ya yi mata shiru tun da yaranta suka watse.

Shekara shida na yi a gidan nan kafin abin da zan faɗa ya faru. Ni ke shafa wa Mama man zafi a gwiwa. Ni na san daidai tsamiyar da take so a kunun gyaɗa. Da azumi kuwa, kafin in dawo daga aiki ta soya min ƙosai ta rufe, tana mita wai na rame kamar tsinke. Faɗa kam na sha shi, a kan famfo, a kan tsintsiya, a kan yawan waya. Ban taɓa jin haushi ba, don uwata ma haka take.

Duk watan Disamba ɗanta na Kaduna yakan zo da mota ya kai ta ƙauyensu bikin Kirsimeti. Shi da matarsa a gaba, Mama da jikanta a baya, sai wuri ɗaya da ke saura, wanda kullum buhun shinkafa ke zama a kai. Ranar tafiya sai Mama ta miƙo min makullan gida, ta ce in kula da kaji. Ni kuma in ba ta tsarabar Kaka, wato mahaifiyarta, tsohuwa tukuf da ban taɓa gani ba: wata shekara dabino, wata shekara turaren wuta. In sun dawo sai ga acca da zuma, wai Kaka ta ce a kai wa 'yarta ta Zariya. Ban taɓa cewa a tafi da ni ba. A raina na ɗauka lokaci ne bai yi ba, wata rana Mama da kanta za ta ce in haɗa kaya.

Sai ga Baturiya. An turo ta wurin aikinmu ta yi shekara guda tana bincike a kan acca, ta ce ba ta son gidan baƙi, cikin mutane take so ta zauna. Wa ya ce mata akwai ɗaki a gidanmu? Ni. Da ƙafata na kawo ta, wannan ne ma yake ƙara ƙona min rai. Ranar da ta tare, Mama ta fito da farantan tangaran ɗin nan na cikin kabad, waɗanda ni wanke su kawai na taɓa yi, ban taɓa cin abinci a ciki ba.

Ba muguwa ba ce, gara in faɗi gaskiya. Da ma muguwa ce da na samu abin kamawa. Mace ce mai fara'a, mai ɗaukar tsintsiya ba a sa ta ba, sai dai Mama ta fizge ta miƙo min. Hausarta ba ta wuce sannu da na gode da ina gajiya ba, amma in muka shiga shagunan unguwar PZ sayayya, mai atamfa har maƙwabtansa yake kira su zo su ji Baturiya na Hausa. Ni da aka haifa cikin harshen, in na kuskure na ce lakwal a maimakon makaranta, sai a kwashe da dariya, a ce 'yar Nijar ta fara.

Kowace safiya bas ɗaya muke shiga daga Sabon Gari zuwa Samaru, kuma a bas ɗin nan na gane baƙunta ma hawa-hawa ce. Baturiya na son siyasa. Takan tambayi direba wa zai zaɓa, ta ce a ƙasarsu in aka ɗauke wuta kwana uku sai wani babba ya bar kujerarsa. Ni ke fassara mata in Turancin ya yi tsauri. Mutane su yi ta gyaɗa kai, wallahi Baturiya ta faɗi gaskiya, a faɗa musu dai. Wata rana ana zancen tsadar mai, bakina ya yi min ƙaiƙayi, na ce ai laifin har da namu, masu zaɓe don an raba mana taliya. Wani mai hula a gaba ya juyo. Ya ji harshena. Ya tambaye ni daga ina, na faɗa masa.

"To ki bari ku samu zaɓen tukuna a ƙasarku," in ji shi, "sannan ki zo ki koya mana."

Motar ta ɗauki dariya. Baturiya ta ce in fassara mata abin dariyar, na ce ba komai. Abin da na lura da shi tun daga ranar shi ne, wanda ya zo daga nesa in ya soki ƙasa, ana jin sa kamar mai ba da labari, ba ya yi wa kowa zafi. Maƙwabci kuwa in ya buɗe baki, shisshigi ya yi. Na ja bakina na tsuke, na ci gaba da fassara ra'ayin wata.

Ga yawo. Yau tana Kano, wani mako tana Jos, duk inda ta je ta ɗauki hoto ta rubuta labarinsa a intanet. Ni kuma da tsakar rana, lokacin cin abinci, in ɓuya bayan kwalaben iri in karanta kaf, ina tsaki. Ta rubuta cewa ba ta taɓa ganin masu son baƙi kamar mutanen ƙasar nan ba, har masu shinge a hanya gaishe ta suke yi. Na ce a raina, ke dai. Ni a shinge sai na fito da takardar zama, a juya ta gaba da baya. A shekarar ma an rufe bodar Nijar, na daɗe ban ga mahaifiyata ba, sai murya a waya. Kewar gida ta cika min ciki, na ƙudurta cewa bana kam zan cire kunya in ce wa Mama a sauke buhun shinkafar nan a sa ni. Har na je PZ na zaɓo wa Kaka atamfa shuɗiya mai zanen ganye, ina tunanin da hannuna zan miƙa mata.

Ban kai ga tambaya ba. Wata Asabar da la'asar muna tsakar gida, ina tsince wake a tire, sai na ji Mama na ce wa Baturiya ta shirya rigar sanyi, don ƙauyensu kan dutse yake, bana kuma za a ɗaure shinkafa a saman mota. Baturiya ta yi tsalle ta rungume ta. Ni ban ɗago ba. Sai da kaji suka taru a ƙafata na ga ashe waken nake watsa musu, tsakuwar nake tarawa a tire.

Kwana uku na yi ina cika ina batsewa. Gaisuwa daga ina kwana ba na ƙarawa. Man zafi na ajiye wa Mama a bakin taga, ta shafa da kanta. In na ji dariyarsu a falo sai in ji kamar an zuba min barkono a ƙirji. Kishi ne, ba wani suna da zan ba shi, kuma na san shi ne tun a lokacin.

Ranar tafiya da hantsi, ana ɗaure kaya a waje, Mama ta shigo ɗakina da makullai a hannu. Na ɓoye hannuwana a cikin hijabi.

"Shekara shida, Mama," na ce mata. "Buhun shinkafa ya fi ni samun wuri a motar nan. Ita wata huɗu kawai ta yi."

Na zata faɗa za ta yi. Sai ta tura ƙofa ta rufe, ta zauna a bakin gadona da ƙyar saboda gwiwa. Ta ce min tana da ƙane, autan Kaka, wanda aka kashe a wani rikici shekarun baya, yana hanyar dawowa daga gona. Ban taɓa jin zancensa ba, ko hotonsa babu a falo. Ta ce tun daga lokacin, in Kaka ta hango mai hijabi ko mai babbar riga, jikinta rawa yake yi, ta shige ɗaki. Samarin garin ma ba su manta ba.

"Ita in ta sauka daga mota, Baturiya za su gani, su yi ta taɓa gashinta suna dariya," in ji Mama. "Ke in kika sauka, ba wanda zai tsaya tambayar daga wace ƙasa kike."

Na ce haba Mama, ni da ko 'yar ƙasar ba ce, lokacin da abin ya faru ina yarinya a Damagaram, ban ma san da garinku a duniya ba. Ta ce ta sani. A bas an ce ba ni da bakin magana don ni baƙuwa ce, ga shi inda nake so a ɗauke ni baƙuwa, a nan kuma na yi kama da 'yan gida da yawa.

Sai na tuna da acca da zuma. Na tambaye ta, to Kaka da take aiko min tsaraba, ba ta san ko ni wace ce ba? Mama ta sunkuyar da kai tana juya makullan.

"Ta san ina da 'ya a Zariya mai shafa min gwiwa. Kullum tana sa miki albarka. Addininki ne ban taɓa faɗa mata ba. Tsoro nake ji ta daina."

Na ce to zan cire hijabin, in ɗaura ɗankwali irin nasu, kwana huɗu ne kawai. Nan ne ta ɗago, muryar faɗanta ta dawo. Ta ce ba za ta kai ni gidan uwarta in riƙa ɓuyan salla a bayan ɗaki kamar ɓarauniya ba, ba haka ta riƙe ni ba. Na ce to ki faɗa mata gaskiya bana, ko me za ta ce ta ce. Ɗanta ya danna hon a waje. Ta ce bari ta gani, ta ajiye makullan a kan filo, ta ɗauki atamfar Kaka da ke kan akwatina ta fita.

Na leƙa ta taga. Baturiya ta shiga baya, ta zauna a wurin buhun shinkafa, tana ɗaga min hannu da zuciya ɗaya. Na ɗaga mata nawa, don ba ta san komai ba.

Ranar Kirsimeti maƙwabta suka aiko min da shinkafa da kaza kamar yadda suka saba. Na ci kaɗan, na ɗauki waya, na shiga shafin Baturiya, ina faɗa wa kaina ba zan duba ba. Ga duwatsu, ga masu rawa, ga rumbunan acca. Can ƙasa sai ga wata 'yar tsohuwa a kan kujerar katako, ƙarama sosai, tana dariya ba haƙori, ta ɗaura atamfa shuɗiya mai zanen ganye. Baturiya ta durƙusa a gefenta ta dafa kafaɗarta. Ranar na fara ganin fuskar Kaka. Na yi ta buɗa hoton da yatsu har Baturiya ta fice daga fuskar wayar, amma yatsunta huɗu a kan kafaɗar sun ƙi fita.

Da suka dawo, Mama ta miƙo min acca da zuma, ta wuce wajen kaji tana duba su kamar an ce mata na yanka ɗaya. Na bi ta har akurki na tambaye ta ko ta faɗa wa Kaka.

"Ta ce zanen ya yi mata kyau," in ji ta, ba ta dube ni ba. "Ta ce yaushe zan kawo ki."

"Me kika ce mata?"

"Na ce aiki ne ya yi miki yawa."

Da yamma na ɗauko man zafi daga bakin taga na shafa mata a gwiwa.

Kaka ta rasu kafin saukar damina. Baturiya ta bi Mama jana'iza, ni aka ba makullai. Da shekararta ta cika ta koma ƙasarsu, yanzu ma labarin wata ƙasar take rubutawa, ƙila sai ta duba hoto za ta tuna sunan ƙauyen. Na yafe mata tangaran, na yafe mata bas, amma kwana huɗun nan har yau suna ci min rai. Ita ta riƙe hannun Kaka, ta ci tuwonta. Ni kuwa tsohuwar ta tafi tana zaton tana da 'ya a Zariya wadda aiki ya hana ta zuwa gaishe ta ko sau ɗaya.