Tabarmar Abdi Gajere

Ku da kuka shigo aiki bayanmu kuna yawan tambayata abin da ya kai ni ƙauyen tsallaken ruwa, alhali a da ni ne jami'in tarbar baƙi a sakateriya. To, ranar ba ta taɓa fita daga raina ba. Wata Talata ce a tsakiyar damina, ina mataki na takwas a wata ƙaramar hukuma da ke gaɓar tafkin Kainji. Sunanta ku bar shi, masu ita suna nan da ransu.

Ga wanda bai sani ba, aikinmu shi ne tsara wa zai zauna a ina, wa zai fara magana, wa kuma ba zai yi magana ba sam. Na ƙarshen nan shi ne ainihin aikin.

Muna da likitan dabbobi, Dakta Warsame, ɗan Somaliya, wanda ya daɗe a wurinmu har Hausarsa ta koma ta Yelwa. Mutum ne mai sanyi, sai fa in ya ɗauki waya da 'yan ƙasarsu, nan za ka rantse an yi kisa. Shi ya kawo labarin cewa ɗan majalisar yankinsu na can Somaliya ya zo taro Abuja, zai biyo ya gaishe shi.

Ciyaman na jin haka ya ce ai baƙon ƙaramar hukuma ne. Ya kira ni ofis.

"Malam Bawa, in wanga baƙo ya tafi da ɓacin rai, ka haɗa kayanka sai tsallake."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba za a ji kunya ba."

Ƙauyen da yake nufi sai da kwalekwale ake zuwa, ni kuwa ruwan da ya wuce gwiwa ba ma shiri da shi.

Na kafa rumfa, na aro kujerun kushin daga Yelwa, na ɗauko maroƙi. Don wuri ya cika, na sa aka kwaso mata masu bandar kifi daga wancan ƙauyen, ƙarƙashin shugabarsu Inna Kulu. Na ja musu kunne: guɗa kawai, ban da magana.

Baƙo ya iso bayan azahar, dogon mutum sambal cikin kwat. Dakta ko russunawa bai yi ba, babu ranka ya daɗe, babu komai. Ya ƙwala masa wani suna, wanda daga baya ya ce mini ma'anarsa Abdi Gajere, don su kowa da laƙabinsa, komai girmansa. Baƙon na gama gaisawa da ciyaman Dakta ya ja hannunsa, suka wuce kujeruna, suka nufi gindin mangwaron bayan rumfa. Ashe ya shimfiɗa tabarma a can. Ya jingina wayarsa da fulas ɗin shayi, sai ga fuskoki sun cika ta: direban tasi daga Amurka, wata nas daga Landan, ɗan kasuwa daga Nairobi, da wata tsohuwa zaune kusa da jarka, mahaifiyar Dakta ke nan daga ƙauyensu.

Wayyo! Ban taɓa jin an yi wa babban mutum irin wannan tijara ba. Kowa na nuna baƙon da yatsa, tsohuwar tana bugun jarka. Maroƙina ya ɗauka kirarinsu ke nan, shi ma ya matso ya shiga: "Giwa mai tafiya da ƙasaita!"

Sakatare ya riƙo rigata. "Bawa, za su kashe muna baƙo! Ka fiddo shi!" Kafin in motsa har 'yan banga sun kewaye mangwaron da gorori.

Na durƙusa a kunnen baƙon da ɗan Turancina na ofis, na ce mota na jira. Ya dube ni yana share gumi. Ya ce a wurinsu dattawan dangi ke zaɓen ɗan majalisa, kuma in aka zauna a gindin itace kowa na da bakin magana. "In na tashi kafin tsohuwar can ta gama, kujerata ta tafi. Ƙaro mini shayi."

Da abin ya tsaya nan da na tsira. Sai na ji muryar Inna Kulu a bayana.

"Dakta, mi tsohuwar ga ke cewa?"

Na yi masa ido, na yi tari, a banza. Bawan Allah ya shiga fassara da ƙarfi. Wai tun kafin zaɓe Gajere ya yi alkawarin rijiyar burtsatse, har yau jaki ke ɗebo musu ruwa, 'ya'yansa kuwa suna Turai suna wanka da ruwan zafi. Baƙon bai yi shiru ba. Ya ce wa na Amurka da ta Landan su da ke ihu daga cikin sanyi, wa ya taɓa zuwa gida ya ga hanyar da motar haƙa za ta bi? Tsohuwar ta ce gaskiyarsa, ta juya kan ɗanta: yana nan yana yi wa shanun wasu allura, raƙumansu na mutuwa. Wannan dai a hankali Dakta ya fassara shi. Aka tashi a kan rijiya kafin azumi, kuma na waje su gyara hanya.

Inna Kulu ta gyara ɗaurin zane, ta dubi ciyaman cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, tabarmar ga da sauran wuri."

Ciyaman ya kalle ni, ni kuma na kalli mangwaro. Baƙon ba ya jin Hausa, amma ya gane. Ya matsa gefe, ya daddaɓa tabarma yana murmushi. A gaban baƙon ƙasar waje ina hanyar ƙi? Ciyaman ya tattare babbar riga ya zauna.

Matan nan da na ce su yi guɗa kawai suka sa shi a gaba kan rufin asibitin ƙauyensu, wanda iska ta yaye tun daminar bara, ana karɓar haihuwa ana tara robobi. Ya ce ana dubawa. Suka ce su ma suna dubawa, kullum sama suke gani. Sai da ya ce kafin kaka, da bakinsa, 'yan banga na shaida.

Baƙo ya tafi yana rungumata, ya ce bai taɓa samun tarba irin ta gida kamar wannan ba. Na je ofis da ƙarfina na ce, "Ranka ya daɗe, baƙo ya ji daɗi."

Ya ce, "Shi ya ji. Ni fa?"

Haka aka yi mini canjin wurin aiki, na tsallaka tafki idona a rufe ina salati. Ɗakin da aka ba ni a jikin asibitin yake, kuma masu buga kwano sun riga ni isa. Ruwan farko da aka yi bayan zuwana, ina zaune ina cin bandar da Inna Kulu ta aiko, ko ɗigo bai sauka a kaina ba. A wannan ruwan wata yarinya ta haihu a ɗakin da ke kusa, ba wanda ya nemi roba.

Shekaruna duka ina jera kujeru don in raba shugaba da mutanensa, kuma taron da ya watse mini shi kaɗai ya bar abin nunawa. Don haka in an ba ku taro, ku jera kushin yadda aka koya muku, amma ku ajiye tabarma a bayan mota. In an tambaya, ku ce ta salla ce.