Ɗigon Da Yaya Laminu Ya Kasa Gogewa

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Laminu makwancinsa a Lyon. An ce a ambaci mamaci da alheri, zan kuma kwatanta. Amma in na ce muku mutum ne mai taushin hali, duk 'yan Damagaram da ke Faransa sai sun yi mini dariya.

Ɗan wan mahaifina ne, shi ya jawo ni Paris in yi digirin dakta a ƙarƙashinsa. Aikinmu binciken hasken gamma, wani haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani, wanda ke zuwa daga taurarin da suka fashe da makamantansu. Na'urar da ke shawagi a sararin sama tana tsintar shi ƙwaya-ƙwaya, mu kuma mu buɗe abin da ta tara a manhajar kallo, ta shimfiɗa mana taswirar sama da launuka. A ƙasan taswirar akwai sandar launi, in ka ja ta abin da ke dishi-dishi sai ya haska. In ka ƙara da sulɓe hoton, abin da muke kira lissage, 'yan ƙwayoyin da suka faɗo kusa da juna bisa katari sai su haɗe su zama kamar fitila.

Yaya ba ya gardama da ɗalibi. Ture ka zai yi, ya karɓe souris, ɓeran nan na kwamfuta, ya cire lissage, ya ja sandar a hankali har ɗigonka ya narke, sannan ya juyo ya tambaye ka inda ya shiga. Kuma ba ya yi sai da 'yan kallo.

Ni ma ina da ɗigona, can gefen taswira. A kansa na ɗora karatuna duka, a kan karatun kuma takardar zamana ta rataya. Ranar da na nuna shi a babban allo gaban dukan 'yan labo, ɗakin bincikenmu, Yaya ya taso daga kujerarsa ya yi mini abin da ya saba. Ya ce wa Turawa "C'est du bruit", wato shirme ne kawai. Ni kuwa da Hausa ya ba ni nawa: "Habu, kwalliya ka yi wa babu."

Abin da ya fi ci mini rai daga baya na ji shi. Matarsa, Anti Zara, ta ce ya daɗe da sanin babu komai a wurin. Duk Lahadi ina gidansu a Sevran, gefen Paris, kwano ɗaya muke ci, bai taɓa ja na gefe ba. Wai so yake Turawa su ga ba ya ɗaga wa nasa ƙafa. Ya ƙi sa hannu in ci gaba, karatu ya mutu. Da ƙyar na samu aiki a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons, kusa da Lyon, aikin ne ya hana a mayar da ni gida hannu rabbana. Daga nan tsakaninmu sai gaisuwar Salla a waya.

Da ciwo ya kama shi aka turo shi wani asibiti a Lyon, Anti Zara ta roƙe ni in raka shi. Hoton da aka ɗauke shi irin wanda ake yi wa mutum allura ne, jikinsa ya riƙa fitar da hasken gamma na'ura tana tsinta. Ikon Allah, sana'armu ce sak. Likita ta nuna mana ɗigo a hantarsa. Wanzami ba ya son jarfa: Yaya ya ce a ba shi souris, ita kuma ta ba shi don girmamawa. Ya ja sandar hagu, ya ja dama, ya sake. Ɗigon ko gezau.

"Habu, kai me ka gani?"

"Yaya, wannan yana nan."

Ban sassauta ba, don bai koya mini yadda ake yi ba.

Yau bayanan a buɗe suke, kowa na iya saukewa a ɗakinsa, an kuma tara ninkin abin da muke da shi a da. Da Yaya zai ga yadda yara ke yaɗa hotunan sama masu launin atamfa a wayoyi, da ya ƙare ranarsa yana fizge wa mutane souris. Bara na sauke na buɗe gefen nan nawa, zuciyata cike da fatan in kama shi da kuskure ko yana kabari. Wayam. Shi ke da gaskiya, wallahi hakan ya fi mini ciwo.

Abin da ya bar mini hannunsa ne. Har yau ba na yarda da abin da ya haska sai na cire masa kwalliya. Shi ma na yi masa haka, na cire wadda ake yi wa mamaci, abu biyu suka ƙi gogewa: bai taɓa yi mini ƙarya ba, bai kuma taɓa tausaya mini ba. Allah ya yi masa sassaucin da bai yi mini ba.