Gidan da Aka Sayar Har da Ruwan Unguwa

Jiya wani Bafulatani ya wuce ta ƙofar masallaci da jiƙaƙƙiyar igiyar kaba a kafaɗa. Ƙanshinta kawai na ji, raina ya ɓaci har na kwanta. Kai mai karatu, ka yi haƙuri da tsoho, labarin nan ba na iya ba da shi da sanyin murya.

Gidanmu yana gefen Karaye ne, ta hanyar Rogo, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Kakana ya gina shi, ya haƙa rijiya a bayan ɗakuna, ya bar 'yar ƙofa marar ƙyaure a katangar baya. Ta nan duk unguwa ke shan ruwa: matan maƙera, majema, har matan Fulani in sun sauke ƙwaryar nono. Da bazara, rijiyoyin cikin gari sukan koma laka, tamu kuwa sai dai a ƙara igiya.

Da kakana ya rasu, babana da ƙanensa, baffana, suka ɓata. Zamanin Turawa ne, gyaɗa tana tashe, baffana yana son jari. Aka sayar da gidan ga wani falke daga Rogo, muka koma cikin gari. A lokacin, da baki ake ciniki. A taru a zaure gaban mai unguwa da liman, a faɗi sharaɗi, a raba goro, a shafa fatiha. Namu sharaɗin ɗaya ne: ba a toshe ƙofar baya. Falken ya amsa, kuma ya cika.

To, sharaɗin baki yana da al'adarsa. Duk ranar da gida zai sake hannu, sai wani daga zuriyar mai sharaɗin ya je ya maimaita shi gaban sabon mai saye, in ba haka ba sharaɗin ya faɗi. Da falken zai sayar wa wani mai awon gyaɗa, ya aiko wa babana da baffana. Babana ya ji an kira baffana, ya ce ba zai hau tabarma ɗaya da shi ba. Baffana ma haka ya ce. Kowa ya zauna a gidansa yana jiran a ce ɗan'uwansa ne ya ƙi zuwa. Aka shafa fatiha babu mu.

Mai awon gyaɗa bai taɓa ƙofar ba, shi buhunansa suka dame shi. Amma da ya sayar wa wani malamin En'e, ma'aikacin hukumar gargajiya da aka turo daga birni, ba wanda ya ambace ta. Malamin ya ce iyalinsa a kulle suke. Magina suka cike ƙofar da tubali.

Akwai wata tsohuwa mai saƙar faifai, maƙwabciyar kakana, ba ta da kowa a kusa. Ta dogaro sanda har zauren babana.

"Ɗan nan, ka kama hannun ƙanenka ku je wurin mai unguwa, ku ce kun ji da kunnenku. Da ruwan rijiyar nan aka yi maka wankan farko."

Babana ya ce, "Inna, shi ya sayar, shi zai je."

Ina zaune, na isa aure, kuma ni ma na ji sharaɗin. Na sunkuyar da kai.

Bazarar nan ta riƙa zuwa rafi da ƙaramin tulu. Wata rana ta zame a gangare, ƙugunta ya karye, ba ta sake tashi ba. A jana'izarta babana da baffana suka tsaya sahu ɗaya, suka gaisa hannu da hannu, har da tambayar iyali. Ashe suna iyawa.

Yanzu gari ya haɗiye unguwar. Gidan ya yi ta sake hannu har na daina bi, an yanka shi ɗakunan haya, an daɓe bakin rijiyar da siminti. A kan simintin nan 'yan haya ke jera jarkokin ruwan da suka saya. Babana da baffana sun daɗe a ƙasa, ina yi musu addu'a yadda ya wajaba. Sai dai duk sanda na tuna gaisuwar nan tasu, bakina yakan yi nauyi kafin in ce amin.